Yadda ake share tsoffin fayilolin bakof na manhajojin zane ba tare da an yi asarar aikin kwastoma ba

Duk kwamfutar da ta shekara biyu tana aiki a gidan buga takardu a New Town da ke Accra, ko a shagunan masu bana da sitika na Nima da Mamobi, idan ka buɗe This PC za ka tarar layin diskin C ya koma ja. Photoshop ya fara ƙorafin "scratch disks are full", CorelDRAW kuma sai ya yi ta jan ƙafa kafin ya adana aiki. Kaso mai yawa na abin da ya cika wurin ba zanen da kuka yi da hannunku ba ne, bakof ne da manhajojin ke ajiyewa da kansu saboda ko-ta-kwana. Goge su ba ya ɗaukar minti biyar. Wahalar tana wajen bambance wanda ya zama shara da wanda shi kaɗai ya rage daga aikin kwastoma, domin a ido duk ɗaya suke. Ƙa'idar da nake bi ita ce, bakof bai zama shara ba sai na ga ainihin fayil ɗinsa, na buɗe shi kuma ya buɗu. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Fara da sanin abin da kowace manhaja ke bari

Kafin komai, sa Windows ta nuna maka wutsiyar sunan fayil. A Windows 10 ka buɗe kowace folda, ka danna View, ka sa alama a File name extensions. A Windows 11 yana ƙarƙashin View, sannan Show. Idan ba ka yi haka ba, fayil biyu za su zo maka da suna ɗaya, ba ka san wanne ne aiki wanne ne kwafi ba.

CorelDRAW, wanda shi ne abincin yawancin shagunanmu, iri biyu yake bari. Na farko, duk lokacin da ka adana aiki, sai ya ajiye yadda aikin yake kafin wannan adanawar, ya sa masa Backup_of_ a gaban suna, a cikin folda ɗaya da aikin. Idan kana da katin_biki.cdr, za ka ga Backup_of_katin_biki.cdr. Girmansu kusan ɗaya ne. Wato banar kamfen mai hotuna da ta kai megabait 300 tana cin 600 a diski, kuma haka abin yake ga kowane aikin da aka adana fiye da sau ɗaya. Iri na biyu shi ne AutoBackup_of_, wanda yake yi da kansa lokaci-lokaci kana cikin aiki, galibi a foldar wucin gadi ta Windows. Idan ka rufe aikin lafiya yakan tafi. Wanda ka gani ya rage, alama ce wuta ta ɗauke ko manhajar ta faɗi.

AutoCAD na masu zanen gini yana barin fayil mai wutsiyar .bak kusa da kowane .dwg, da suna iri ɗaya. Yana kuma ajiye .sv$ duk minti 10 idan ba a canza saitin ba, a foldar wucin gadi. Akwai 'yan ƙananan .dwl da .dwl2 da ke nuna wani ya buɗe zanen. Su ba bakof ba ne, kuma ba su da wani nauyi. SketchUp yana barin .skb, ArchiCAD yana barin .bpn kusa da .pln, Blender kuma .blend1. Revit lamba yake sawa: gida.0001.rvt, gida.0002.rvt, har guda 3 ga aikin mutum ɗaya idan ba a taɓa saitin ba.

Na Adobe dabam ne. Photoshop ba ya ajiye kwafi kusa da aikinka. Manyan fayiloli yake buɗewa masu suna Photoshop Temp da lambobi a baya, a foldar wucin gadi, ya goge su idan an rufe shi lafiya. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, taruwa suke yi, kuma guda ɗaya na iya kai gigabait da yawa.

Zaɓi lokaci, ka kwashe kwafi tukuna

Kada a yi wannan aiki ana cikin rububi. Makon Sallah, lokacin fostocin Mauludi, ƙarshen shekara da ake buga kalanda, duk ba lokacinsa ba ne. Bari sai kasuwa ta lafa. Kuma kada a ba sabon yaron shago, domin bai san tarihin ayyukan ba. Wanda ya san cewa Alhaji mai makaranta yakan dawo kowace shekara a sake buga masa takardar shaidar ɗalibai, shi ya kamata ya zauna a gaban kwamfutar.

Sai ka nemi diskin waje, irin wanda ake jonawa ta USB. Ana samu a kasuwar Circle ta Accra, amma ka gwada shi a gaban mai sayarwa, ka zuba manyan fayiloli ka sake buɗe su, saboda akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Kwafe foldar ayyukanku gaba ɗaya a kansa, har da bakof ɗin, kafin ka taɓa komai. Mutane da yawa suna ganin Backup_of_ sai hankalinsu ya kwanta cewa suna da ajiya. Ba su da ita. Kwafin da ke kan diski ɗaya da aikin, ranar da diskin ya mutu ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, tare za su tafi. Amfaninsa kawai shi ne mayar da kai taki ɗaya baya.

Idan an gama kwafewa, cire diskin ta hanyar Eject ka ajiye gefe. Sannan ka buɗe CorelDRAW, AutoCAD da Photoshop ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai aikin da wuta ta katse, a nan manhajar za ta tambaye ka ko ta dawo da shi. A AutoCAD taga mai suna Drawing Recovery Manager ce ke fitowa. Dawo da abin da ake so, ka adana, ka rufe su duka.

Nemo su, amma a foldar aiki kawai

Shiga foldar da kuke ajiye ayyuka, a misalinmu D:\Aiki. A akwatin bincike na sama ta dama ka rubuta Backup_of_*.cdr, ko *.bak, ko *.skb, gwargwadon manhajar da kuke amfani da ita. Mayar da kallon zuwa Details domin ka ga girma da kwanan wata, ka danna Ctrl da A, ka duba Properties. Yanzu ka san gigabait nawa ake magana a kai. Wani lokaci za ka ga abin bai taka kara ya karya ba, cikar diskin daga wani wuri take, sai ka tsallake zuwa batun foldar wucin gadi.

Kada ka nemi *.bak a diskin C gaba ɗaya ka goge. Ba AutoCAD kaɗai ke amfani da wannan wutsiya ba. SQL Server, wanda manhajojin lissafin kuɗi da na kayan shago da dama ke zaune a kansa, da .bak yake ajiye bayanansa. Kana iya goge lissafin shekara guda kana zaton zanen gini ne.

Tace marayu

A nan aikin yake, kuma a nan nake so a daɗe. Kowane bakof yana da uwa, wato ainihin fayil ɗin da aka kwafo shi. Wanda uwarsa ke nan lafiya, shara ne. Amma akwai marayu, kuma hanyoyi uku suke samuwa.

Ta farko, an goge uwar ko an canza mata suna ko an kai ta wata folda. Kwastoma ya zo da filashi, yaro ya yi Cut maimakon Copy, aikin ya bi kwastoma gida, bakof ɗin kaɗai ya rage muku. A AutoCAD gano wannan da sauƙi: jera fayiloli bisa suna, kowane .bak zai kwanta kusa da .dwg nasa, wanda ba shi da abokin zama nan take za ka gan shi. A CorelDRAW kuwa duk bakof suna taruwa a harafin B, nesa da iyayensu, sai an bi ɗaya-ɗaya. Idan ayyukan sun yi yawa, buɗe PowerShell ka liƙa wannan layin, ka canza D:\Aiki zuwa taka foldar:

Get-ChildItem D:\Aiki -Recurse -Filter "Backup_of_*.cdr" | Where-Object { -not (Test-Path -LiteralPath (Join-Path $_.DirectoryName ($_.Name -replace '^Backup_of_',''))) } | Select-Object FullName

Ba ya goge komai. Jerin bakof ɗin da ba su da uwa a foldarsu kawai zai fito maka da shi. Bi jerin, ka buɗe kowanne. Wanda ake so, cire Backup_of_ daga sunansa, ya zama cikakken aiki. Na AutoCAD ka canza .bak zuwa .dwg, na SketchUp .skb zuwa .skp. Windows za ta yi gargaɗi kan canza wutsiya, ka amsa Yes.

Ta biyu, uwar tana nan amma ta lalace. Wuta ta ɗauke daidai lokacin da ake adanawa, sai fayil ya fito 0 KB, ko ya ƙi buɗewa. Nemo *.cdr duka, ka jera su bisa girma, ka duba na ƙasa. Duk wanda ka ga 0 KB, ko kilobait kaɗan alhali bakof ɗinsa megabait ne masu yawa, tsaya ka buɗe su biyun. Mai yiwuwa ne an goge hotuna da gangan, mai yiwuwa ne kuma aikin ya mutu ba wanda ya lura.

Ta uku ita ta fi yaudara. Idan ka ga suna kamar Backup_of_Backup_of_fosta.cdr, ma'anarsa wani ya buɗe bakof ya ci gaba da aiki a cikinsa yana adanawa. Sau da yawa haka na faruwa ne bayan ɗaukewar wuta: yaro ya buɗe Backup_of_fosta.cdr, ya gyara lambar wayar kwastoma, ya canza ranar walima, aka kai aka buga, bai taɓa canza sunan ba. Yanzu fosta.cdr ita ce tsohuwa, wanda ke ɗauke da sunan bakof shi ne na ƙarshe. Layin PowerShell ɗin can ba zai kama wannan ba, tunda uwar tana nan. Rubuta Backup_of_Backup a akwatin bincike ka nemo su, sannan ka kwatanta Date modified. A ƙa'ida bakof ya riga uwarsa a kwanan wata. Duk inda ka ga bakof ya fi uwar sabunta, wannan shi ne aikin. Ba shi suna mai kyau, kamar fosta_na_ƙarshe.cdr. Idan za ka mayar da .bak zuwa .dwg alhali akwai wani .dwg mai wannan suna, ƙara wani abu a sunan, kada ɗaya ya hau kan ɗaya.

Matsar da su, kada ka goge yau

Bayan tacewa, abin da ya rage a kai shi ɗakin jira. Buɗe folda a diskin waje ka sa mata suna da kwanan wata. Kana iya zaɓarsu daga sakamakon bincike ka yi Cut da Paste, amma hakan yana da illa: duk za su zube wuri ɗaya, kuma a shagunanmu kowane kwastoma yana da logo.cdr da banner.cdr, sunaye za su yi karo. Gara a yi da robocopy, wanda ke zuwa tare da Windows, domin yana riƙe tsarin foldoji. Buɗe Command Prompt ka rubuta:

robocopy D:\Aiki E:\Jira Backup_of_*.cdr /s /mov /minage:90 /l

D:\Aiki inda suke, E:\Jira inda za su. /s na nufin a shiga ƙananan foldoji, /mov a cire daga wurin asali bayan an kwafe, /minage:90 kuma a bar duk wanda bai kai kwana 90 ba. Harafin ƙarshe, /l, shi ne birki: yana sa a jera abin da za a yi ba tare da an yi ba. Karanta jerin. Idan ya yi maka, sake rubuta layin ba tare da /l ba. Idan sunan foldarka yana da fili a tsakani, sa shi cikin alamar zance, kamar "D:\Ayyukan Shago". Domin AutoCAD, sa *.bak a madadin Backup_of_*.cdr.

Kwana 90 ra'ayina ne, ba doka ba. Katin biki da na suna da fostar addu'ar arba'in, da an yi taron sun gama aiki. Zanen gini kuwa yana iya shekara ana komawa kansa, tsakanin neman izinin gini a asambili da canje-canjen mai gida, don haka ni nakan bar wa .bak wata shida. Fostocin zaɓen 7 ga Disamba, 2024 bakof ɗinsu ya daɗe da zama kaya, amma ainihin fayilolin a ajiye, 'yan takara sukan dawo da hoto ɗaya da tambari ɗaya.

Bar su a ɗakin jira wata ɗaya. Idan ba wanda ya nemi komai, goge foldar. Ka sani cewa abin da aka goge daga filashi ko daga foldar wata kwamfuta ta hanyar netwok ba ya zuwa Recycle Bin, haka ma wanda aka goge da Shift da Delete. Kuma a diski irin SSD, wanda yawancin sabbin laftof ke ɗauke da shi, dawo da abin da aka goge ya fi wuya sosai fiye da tsohon diski mai juyawa, ko da an kai wa mai gyara.

Masu Revit su kula da abu ɗaya. Fayiloli masu lamba irin .0001.rvt ana iya matsar da su kamar sauran. Amma idan mutane da yawa ke aiki a kan zane ɗaya ta hanyar fayil na tsakiya, za ka ga folda mai ƙarewa da _backup. Wannan kada ka taɓa ta muddin aikin na tafiya, Revit na amfani da ita.

Foldar wucin gadi

A nan galibi ake samun wuri mai yawa cikin sauri. Rufe duk manhajoji, danna maɓallin Windows da R, rubuta %temp%, ka danna Enter. Kafin ka goge, nemi AutoBackup_of_ da *.sv$. Duba kwanan watansu. Idan na aikin da ake ciki ne, kwafe shi waje, .sv$ kuma ka canza shi zuwa .dwg ka gani. Sauran ka zaɓe su duka ka goge. Windows za ta ce wasu ana amfani da su, danna Skip, kada ka matsa. Sannan ka zubar da Recycle Bin, in ba haka ba layin nan zai ci gaba da zama ja.

Masu haɗa bidiyon biki da Premiere Pro, foldar Adobe Premiere Pro Auto-Save ba ita ke cin wuri ba, fayilolinta ƙanana ne. Mai cin wurin shi ne Media Cache, kuma daga cikin manhajar ake share shi: Edit, Preferences, Media Cache, Delete. Manhajar za ta sake gina abin da take buƙata.

Akwai Storage Sense a Settings, ƙarƙashin System da Storage, mai share fayilolin wucin gadi da kansa. Kunna shi ba laifi, amma ka tabbata zaɓin Downloads yana kan Never. Kusan duk logo da hoton da kwastoma ya turo ta WhatsApp a Downloads yake sauka, kuma InDesign da Illustrator, da AutoCAD wajen hotuna da zanen da aka jingina, sau da yawa nuni kawai suke yi zuwa inda fayil ɗin yake. Idan aka share Downloads, aikin zai buɗe yana neman hotunansa.

Tunda ana cikin foldojin nan, za ka ci karo da hotunan fasfo da kwafin Ghana Card da mutane suka kawo a buga musu. Waɗannan amana ce, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012, Act 843, ta shafi duk mai riƙe irinsu. Wanda aikinsa ya ƙare a goge shi, kada a kai shi diskin waje ya yi ta yawo a aljihun yara.

Gyara saiti domin kada su sake taruwa

Wasu da sun gama sai su shiga saiti su kashe bakof gaba ɗaya. Ban yarda da wannan ba, musamman ajiyar da manhaja ke yi da kanta. Wanda ya yi sana'ar nan a dumsor na 2015, lokacin yawan ɗaukewar wuta a Ghana, ya san dalili, kuma har yau ba kowane shago ke da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke) ba.

A CorelDRAW danna Ctrl da J, ka nemi Save. A tsoffin fitowa irin X7 yana ƙarƙashin Workspace. Bar ajiyar kai-da-kai a kunne, ka rage tazararta zuwa kamar minti 10, sai dai idan fayilolinka manya ne har kwamfutar na tsayawa duk lokacin da take ajiyewa. Ka kuma zaɓa mata folda ta musamman maimakon ta wucin gadi, domin kada sharar %temp% ta tafi da ita. Ɗayan zaɓin, mai haifar da Backup_of_, shi ne abin shawara. Idan kana da ɗabi'ar adana aiki da lamba, fosta_1, fosta_2, kuma kana kwafewa waje kowane mako, kana iya kashe shi. Idan yara ne ke aiki a kwamfutar, bar shi.

A AutoCAD rubuta OPTIONS, ka shiga Open and Save. A nan tazarar ajiya take, da zaɓin Create backup copy with each save. Idan an saka Express Tools, umarnin MOVEBAK yana tura duk .bak zuwa folda ɗaya da ka zaɓa, sai shara ta zama ta wuri guda. Illarsa ita ce zane biyu masu suna ɗaya daga foldoji dabam za su riƙa hawa kan bakof ɗin juna, don haka sai an riƙa sa sunan kwastoma a sunan zane. A Revit, wajen Save As ka danna Options, ka rage Maximum backups zuwa 1 ko 2. A Photoshop, idan kwamfutar na da diski na biyu mai wuri, shiga Edit, Preferences, Scratch Disks ka sa masa alama, diskin C ya huta.

Layin robocopy ɗin nan kana iya liƙa shi a Notepad, ka adana da suna share.bat, ka riƙa danna shi bayan kowace kakar aiki. Ajiye guda biyu, mai /l da maras shi, ka sa musu sunan da ba za a ruɗe ba. Kafin ka danna kowanne, duba harafin diskin waje a This PC, domin wanda yake E yau yana iya zama F gobe idan an riga an soka filashin kwastoma, kuma a lokacin bakof ɗin shagonku a filashinsa za su sauka.